Shekarar da Na Ɗaure Ruwan Jalingo

Bana ma ruwa ya yi mana halinsa. Ya zo da wuri, manoma suka zuba iri da murna, sannan ya ɗauke ƙafa ba sallama. Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar zaure ina kallon masarar bayan katanga tana murɗe ganye, sai ga Hadiza jikar maƙwabcina, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a tana karanta lissafi. Wata hujja ce ta hana ta sakat, aka ce mata tsohon nan ya koyar da abin har ya yi ritaya. Littattafanta duka suna cikin waya, abin da har yau nake yi wa kallon sihiri. Da 'yar takardar da ta zo da ita ta cika, sai ta tsuguna ta ɗauki tsinke za ta ƙarasa zanen a ƙasa. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba.

"Ba a ƙasa ba! Shiga ciki ki karɓo takarda."

Ta dube ni kamar wanda tsufa ya fara taɓawa. Ban yi mata bayani ba, don bayanin ya fi ƙarfin hantsi ɗaya.

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa ni ne Habu, ɗan Malam Ilu marini na unguwar Yelwa a Jalingo. Kakanmu daga Kano ya zo ya haƙa ramukan rini a gefen gari. A nan aka haifi Baba, a nan aka haife ni, amma in faɗa ya kaure a kasuwa akan tuna mana cewa mu baƙi ne. En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, ta tura ni makaranta, makarantar ta tura ni wata, har na tsinci kaina a jami'a can ƙasar Yarbawa ina karanta lissafi. Mutanen unguwa sun ɗauka ƙidaya ake koya mini, suna kuma mamakin wace irin ƙwaƙwalwa ce da ni da ƙidaya za ta ci mini shekaru haka.

Saura shekara guda in gama. Kafin a sallame mu dogon hutu, malaminmu, wani Bature mai jan wuya wanda ba ya murmushi sai ɗalibi ya yi kuskure, ya ɗora mana darussan shekarar ƙarshe tun shekarar ba ta zo ba. Ya ce ranar da aka dawo zai gwada mu, wanda ya gaza ya nemi hanyar garinsu. Ya ara mini manyan littattafansa biyu, ya ce in tabbata sun dawo ko da ni ban dawo ba. Ban da su ina da damin takardun da na rubuta da tawada daga bakinsa a aji. Waɗannan su ne mabuɗin. In babu su, littattafan ƙofa ce a kulle.

Wannan lissafi ba na tarawa da ɗebewa ba ne. Akwai darasin wasu lambobi da uwarsu ita ce lambar da in ka ninka ta da kanta sai ta ba ka ƙasa da babu. Akwai na jerin lambobi marasa ƙarshe, wasu in ka yi ta tara su sai su nufi wuri guda su natsu, wasu kuwa su kama hanya har abada. Akwai na yadda zafi ke bin jikin ƙarfe. Akwai kuma aljabarar da ta gaji da lambobi ta koma haruffan Girkawa zalla. Kowanne da hujjarsa, kuma hujjar ake so, amsa ba ta dami kowa ba.

Jirgin ruwan da ya sauke ni a Lau, bakin kogin Binuwai, shi ne na farko a daminar, ba wanda ya san shi ne na ƙarshe. Na hau bayan motar kaya da akwatina na ƙarfe, na iso gida na tarar da dawa ta kai gwiwa, ganyenta shar. Inna ta ce ruwa ya ɗan huta ne. Haka kowa ya riƙa faɗa da farko. Daga baya aka daina cewa komai.

Zafin bazara mun san shi, mun san kuma yana da iyaka. Zafin da ke zuwa tsakiyar damina daban ne, yana tafe da gumi mai danƙo da warin ƙasar da ta taɓa jiƙa ta bushe. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a kan duwatsun Mumuye, baƙi ƙirin kamar an kifar da ramin shuni a sama. Iska ta taso da sanyinta, awaki su shigo gida a guje, mata su jera tukwane da ƙore a bakin jinka. Hadarin ya taho har ya rufe rana, ya tsaya a kanmu yana gurnani, sannan ya tsage biyu, rabi ya bi hagu, rabi ya bi dama, ya bar mana sama fes a tsakiya. Mata su kwashe tukwanensu ba mai kallon 'yar'uwarta. Da bai zo ba sam, da da sauƙi. Leƙen nan da yake yi yana wucewa shi ya ɓata hankalin mutane.

Rumbunmu dama a irin wannan lokaci ƙasansa ake kankara. Inna ta fara da janye tuwon rana, ta ce zafi ba ya son abinci mai nauyi. Kunun safe ya riƙa tsinkewa har ya zama kana ganin fuskarka a ciki. Tafasa da rama da zogale suka karɓi mulki, ana yi musu ɗan barbaɗen ƙuli-ƙuli don tunawa da zamanin da. Baba ya rufe ramukan marina ɗaya bayan ɗaya, don ruwan da za a jiƙa shuni shi ne ruwan da za a sha. Hannayensa da na sani shuɗaye tun ina goye suka fara koɗewa. Ban taɓa ganin ainihin launin tafin hannun ubana ba sai a wannan shekara, kuma ban ji daɗin ganinsa ba.

Noma dai ba a fasa ba. Ana fita gayya ana nome ciyawar da ita ma ta mutu, don zama a gida ya fi gajiyarwa. Gonarmu tana kan hanyar Iware, tana iyaka da ta Dogo, wani Bamumuye manomin doya, abokin Baba tun suna samari. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa yadda ya zo masa. Ranar da na fara fita ya kama hannuna ya juya shi kamar mai taya akuya.

"Malam Ilu, wannan ɗanka ne ko amarya ka kawo mana? Habu, fartanya yana cizo ne a Kurmi?"

Na ce masa can alƙalami muke riƙewa.

"To ka shuka alƙalami mu gani. Ko shi ba ya sha ruwa."

Aka yi dariya, irin dariyar da ake yi da ciki wayam, gajeriya ce. Kafin azahar tafina ya yi bororo, Dogo ya kore ni inuwa, ya ƙarasa kuyyata yana zagina cikin yarensu.

Sauran lokacina na littattafai ne, a nan kuma matsalar ta taso. Lissafi irin wannan ba a karanta shi da ido, da hannu ake yi, kuma yana cin takarda kamar gara. Farar takardar da na zo da ita ta ƙare. Kanti babu, don jirgi bai zo ba. Ɗakina kuwa da hantsi ya ɗaga sai ya koma tanda. Sai na tuna da kogin Lamurde da ke gefen gari. Kogin ya janye ya bar faffaɗan yashi, mata suna tona ramuka a tsakiyarsa suna jiran ruwa ya tsatso su kwasa da ludayi. Kusa da ramukan yashin yana da ɗan danshi, yana riƙe zane tsaf. Wani babban allo ne Allah ya shimfiɗa kyauta. Na samo tsinken kara, na riƙa zuwa da sassafe, in share wuri da tafin hannu, in tsuguna in yi ta rubutu ina magana ni kaɗai. In hujja ta ƙi fita in miƙe in kewaya ta ina kallon sama.

Na karanta littattafai da yawa a lokacin, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai yadda nake a idon mai kallo ba: saurayi ya dawo daga wurin Turawa, tsugune a cikin kogin da ya ƙafe, yana zana ƙasa yana motsa baki.

Darasin da ya fi ba ni wuya kuwa yana da wani zane da ake maimaitawa. Za ka sa ɗigo, ka kewaye shi da da'ira, ka ɗora ɗan kan kibiya a jikin da'irar don nuna inda ake juyawa. A gefe ka rubuta wata doguwar alama mai kama da maciji a tsaye. Na zana wannan abu a yashin Lamurde har ban san iyaka ba.

Goggo Dudu ce ta fara zuwa, wata tsohuwar Bafulatana mai sayar da fura a bakin kasuwa. Ta ajiye tulunta, ta tsuguna a gabana da ladabin da ba ta taɓa yi mini ba.

"Jam waali, ɗan Malam. Ka duba mini ɗana mana. Ya bi shanu Binuwai, shiru har yau."

"Goggo, ni ba bugun ƙasa nake yi ba. Karatun makaranta ne."

"Na sani, na sani. Na gaskiyar duk haka suke cewa. Wannan ɗigon na tsakiya wane ne?"

"Ba kowa ba ne. Wuri ne da lissafi ke lalacewa, shi ya sa ake kewaye shi, ba a takawa ta kansa."

Ta daɗe tana kallon zanen. Ta ɗaga kai ta dubi duwatsu, ta sake duban zanen. Ta ɗauki tulunta ba tare da ta cika shi ba.

Ni a ganina na ba ta amsa mai kyau. Ko Baturen ba zai rage mini maki ba.

Aka yi azumi, aka fita roƙon ruwa bayan gari, manya da yara da tsofaffin da aka riƙo, aka juya riguna bai-bai, aka yi kuka. Su Dogo ma suka aika wa dattijonsu na kan dutse da abin da suka saba aikawa. Da la'asar hadari ya zo, ya tsaya, ya tsage biyu. Kowa ya yi abin da ya gada daga iyayensa, abin bai ci ba. Daga nan tambayar ta sauya. Aka bar tambayar me ya rage ba a yi ba, aka koma tambayar wa ke yin abin da bai kamata ba.

Ba wanda ya faɗa mini komai. Gaisuwa ce ta fara gajarta. Mata suka matsar da ramukansu can ƙasan kogi, inda ruwan ya fi wuyar samu. Ungulaye sun yi yawa a garin saboda mushen dabbobi, sai aka lura sun fi son kukar da ke bayan gidanmu, ko da yake a nan suke sauka tun kafin a haife ni. Wata safiya na je na tarar an kewaye zanena na jiya da ƙaya, an zuba toka a kan kowane ɗigo. Ban ƙara komawa ba. Rashin zuwan nawa ma bai taimaka ba, aka ce ai ya gama ɗaurin ne.

Inna ce ta kawo maganar gida. Ta dawo daga ɗiban ruwa da tulu rabi, ta zauna ba ta kwance gammo ba.

"Sun ce ɗigon nan Jalingo ce. Sun ce da'irar shinge ne, kibiyar kuma hanyar da ka nuna wa hadari ya bi. Sun ce Turawa suka ba ka aikin, don mu ji yunwa mu tafi aikin ƙwadago."

Na yi dariya. Ni kaɗai na yi.

Baba ya kira ni zaure bayan la'asar. Yana zaune yana kallon hannayensa.

"Habu, wannan abin da kake zanawa, yana kawo ruwa?"

"A'a, Baba."

"Yana hana ruwa?"

"A'a."

"To me yake yi?"

"Ba ya yin komai tukuna. Gaskiya ne kawai."

Ya juya tafin hannunsa. Can ya ce, "Wannan amsar kada ka ba kowa ita a waje."

Na ce to in koma makaranta mana tun hutu bai ƙare ba. Ya tambaye ni da wace ƙafa. Binuwai ta yi ƙasa, jirgi ba ya iya hawowa Lau. Motar kaya ta daina zuwa don babu abin ɗauka. Farin da ya sa ake so in bar gari shi ne ya rufe hanyar barinsa.

Samari suka fara zama a ƙarƙashin kukar bayan gidanmu. Ba sa yin komai, zama kawai. In na fito zagayawa sai hirarsu ta ɗauke. Dogo ne ya zo ya gaya wa Baba abin da suke cewa, cewa asirin yana cikin akwatin ƙarfe, kuma wuta ce maganinsa. Shi da kansa ya je ya tsaya a kansu da fartanyarsa a kafaɗa.

"Wannan yaro ko kuyya ɗaya ba ta iya nomawa, ita ce za ta ɗaure sama? Ku tashi ku ba mutane wuri!"

Suka tashi. Kashegari suka dawo, sun ƙaru.

Ranar da Modibbo limamin unguwa ya yi sallama a zaurenmu, na san magana ta kai inda za ta kai. Shi ya koya mini baƙi da wasali kafin boko ta ɗauke ni. Ya sa na buɗe akwatin. Ya ɗauki takarduna yana juyawa a hankali, ya tsaya a kan wani shafi mai cike da da'irori, ya ce rubutuna ya lalace tun da na bar hannunsa.

"Allah gafarta Malam, wallahi babu komai a ciki."

"Na sani. Ruwa ba a hannunka yake ba, ba a hannuna yake ba. Na faɗa a masallaci, na kuma faɗa. Amma mai jin yunwa da ciki yake saurare. Jiya sun je wa Jauro mai unguwa da maganar wuta. Wutar da aka kunna don akwati kuwa ban san inda za ta tsaya ba, gidan nan duk jinka ne."

Baba ya ce, "To ina mafita, Modibbo?"

"Na ce musu abin da aka ɗaura da rubutu, wanke shi ake yi, ba ƙonawa ba. Sun yarda. Na tawada za a wanke a gaban kowa. Na bugun inji na ce kayan Bature ne na aro, taɓa su jan magana ne da Joji, alƙalin Turawa."

Na ce masa in aka wanke waɗannan an wanke shekarata ta ƙarshe, an wanke duk shekarun baya ma.

Ya dube ni ta saman ido, irin kallon da yake yi mana in mun yi tuntuɓe a tilawa.

"Yaushe ka taɓa ganin an wanke allo a makarantata ba a haddace ba? Na ce musu sai Juma'ar sama. Turawa sun cire maka kan da na sani ne?"

Haka na koma ɗan makarantar allo da gemuna. Da asuba in sha kunun da ba kunu ba, in zauna a zaure in ɗauki shafi, in yi ta maimaitawa da ƙarfi ina rangaji, don jikina bai san wata hanyar hadda ba. Yunwa tana da wani abin mamaki, takan sa kai ya yi wasai na ɗan lokaci kafin duhu ya rufe ido. A cikin wannan ɗan wasai nake cusa hujjojin. In na ga na riƙe, sai in miƙa wa Baba takardar in juya baya in karanto. Bai san harafi ɗaya na boko ba, amma ya ƙirƙiro dabararsa. Yana bin layi da yatsa, in na ƙare magana yatsansa bai kai ƙarshen shafi ba sai ya ce, "Ka ci wani abu. Koma." Sau da yawa kuwa na ci ɗin. Daga baya Baturen ya ce bai taɓa ganin ɗalibin da ke rera hujja yana kaɗa kai ba, amma bai sami inda zai sa jan alƙalaminsa ba.

Samarin bayan gida suna jin muryata daga safe har yamma ina jero sunayen haruffan Girkawa. Ban tsammanin hakan ya kwantar musu da hankali.

Ba duka na haddace ba. Darasin zafi da ƙarfe rabinsa na kai Juma'a ta riske ni.

Bayan an sauko daga masallaci aka taru a ƙofar gidanmu. Ban taɓa sanin unguwar Yelwa tana da mutane haka ba, duk sun rame, idanu sun faɗa. Aka kawo babbar ƙwarya. Ruwan da aka zuba a ciki kowane gida ya ba da ludayi, a lokacin da ludayin ruwa ba abin wasa ba ne. Wannan ya nuna mini da gaske suke. Modibbo ya ce wanda ya rubuta shi zai wanke. Na tsuguna, ina tsoma shafi ina murzawa da yatsa. Tawadar kanti ba ta da taurin kai, nan da nan take sakin takarda. Lambobin da ba su da ƙarshe suka ƙare. Macizan nan na tsaye suka narke. Ruwan ya yi shuɗi, ya koma baƙi, hannayena suka rine har wuyan hannu. Ba tari, ba motsi, sai kukan wani jariri da ba shi da ƙarfin kuka sosai.

Da na gama, Goggo Dudu ta ce daga cikin mata, "Ruwan fa? In aka zubar a ƙasa ai ya koma inda ya fito."

Aka dubi Modibbo. Na ga bai shirya wa wannan ba. Ya ce, a hankali, rubutu dai in an wanke sha ake yi.

Na ɗaga ƙwaryar na kafa kai. Ɗaci ne da ƙarnin ƙarfe da ɗan yashi-yashi. Na sha abin da cikina zai ɗauka, Baba ya karɓa ya shanye sauran ba tare da an ce ya sha ba, ya kife ƙwaryar, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. A iya sanina mu biyu ne kaɗai a tarihin ilimi muka sha lissafin shekarar ƙarshe da baki.

Da la'asar hadari ya haɗu. Ba wanda ya koma gida, aka tsaya ana kallo. Ya taho, ya rufe rana, iska ta ɗaga ƙurar ƙofar gida har da guntayen takarduna da ke shanye a ƙasa. Wani ɗigo guda ya faɗo a kan ƙwaryar da ke kife, kowa ya ji ƙararsa. Sannan hadarin ya tsage biyu.

Idanu ne kawai suka sauka daga sama, suka wuce ni, suka shiga zaure inda akwatin yake. Wani daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba, bugun inji dai ba ya wankuwa. Modibbo ya ce lokacin salla ya yi, ya kora su da sandarsa kamar tumaki. Sun tafi, amma suna waiwaye.

Baba bai nemi shawarar kowa ba. Ya ce gobe da an sallame asuba zan bi Dogo ta Iware, a can akwai masu kora shanu zuwa kudu, in bi su har inda jirgin ƙasa yake. Tafiya ce ta makonni a ƙasa. Inna ta soya mini gyaɗa ta ƙulle a tsumma. Da na ga irin ƙwayar na gane ta iri ce, wadda ta ɓoye don baɗi. Na buɗe baki, ta ce in rufe. Baba ya raka mu har bakin marina, ya tsaya tsakanin rufaffun ramukansa.

"In sun tambaya zan ce makaranta ta kira ka. Ka riƙe abin da ke kanka da kyau, rabinsa a cikina yake."

Dogo ya ɗora akwatin a ka, muka kama hanya. Gonaki hagu da dama sun yi fari-fari, dawa ta sunkuya, tudun doya sun tsattsage. Ni ina biye ina bitar hujjoji a zuci don kada rana ta narkar da su, shi yana gaba yana zagin mutanen Yelwa, da Goggo Dudu, da Jauro, da duk wanda ya ba da ludayin ruwa. Ya ce in Allah ya sa na zama babban mutum in tuna waye ya ɗauki kayana. Ya ce mutanen gari ba su da aiki ne, da suna noman doya da ba su sami lokacin tsoron ɗan yaro da tsinke ba.

Mun kusa Iware la'asar ta yi. Muka hau wani ɗan tudu, iska ta bugo mu ta baya, mai sanyi. Muka juya.

Daga nan ana hango Jalingo a kwance a gindin duwatsu. Hadarin ya sauko mata kamar kullum, ya tsaya a kanta. Na jira ya tsage. Bai tsage ba. Wani farin labule ya sauka daga cikinsa har ƙasa, garin ya ɓace. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya iso mu kafin ruwan, sannan ruwan ya iso, manyan ɗigo masu zafin duka, suna ƙara a kan akwatin kamar ana kiɗa. Na buɗe baki ina sha. Na tuna dawar Baba, na tuna tukwanen Inna a bakin jinka, na yi hamdala da gaske. A cikin hamdalar kuma na san abin da ake faɗa yanzu a kowane zaure na Yelwa, da abin da Baba zai ji gobe a masallaci. Na san don abu ya biyo bayan abu ba shi ne hujja ba, a ajin farko ake koyar da wannan. Na san kuma ba wanda zan iya gaya wa.

Na juya in yi wa Dogo barka. Ya riga ya sauke akwatin a tsakiyar hanya, ya ja da baya, ruwa yana zuba ta haɓarsa. Yana kallon akwatin, yana kallon hannayena da har lokacin shuɗaye ne.

"Malam Habu," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ashe kai ce."

Bai jira amsa ba, ya gangara ta hanyar gonarsa da sauri, har da ɗan gudu. Na naɗa gammo da hulata, na kinkimi akwatin na ɗora a ka, na fuskanci kudu.